Siracen Na Allah a Rumbun Baba Tanko

To shi ne fa Na Allah ya haye bisa turmin uwarshi a tsakar gari, ya buga ƙirji, ya ce shi kwana biyu ma sun yi mashi yawa. Wai hanci tara kacal? Ko hancin mutanen Tasawa duka anka jera mashi, kafin la'asar zai buɗe su har iska ta riƙa wucewa tana fito.

Tsaya in maido ka baya kaɗan kar ka ɓace mani. Abin can da ne, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, a wani ɗan ƙauye tsakanin Korgom da Kona. Ba likita, ba farmasi, in ciwo ya kama ka daji za ka nufa. Na Allah shina son Furera, wata bazawara mai sai da daddawa, ɗiyar Baba Tanko. Wani Zakari daga Kona shi ma shina son ta. Ita kuwa da ta gaji da zaryarsu sai ta yanke magana. Ta ce tsohonta ƙugu ya riƙe shi, ciyawa ta kusa shaƙe mashi gero.

"Na Allah, na ba ka Alhamis," in ji ta. "Ka kawo gayya ku nome gonar Baba. In rana ta faɗi da ciyawa tsaye, Asabar ta Zakari ce, ni ma tashi ce."

Na Allah ya tara abokanshi tara, har da makaɗi. Sai ruwan damina ya ritsa da su a daji ya yi masu dukan tsiya, sunka wayi gari da mura su taran duka, shi kaɗai ya tsira. Kuma ba 'yar murar nan da ake fyacewa a wuce ba. Irin wadda ke hawa goshi ce, ta zauna cikin kumatu, majina ta yi kauri ta yi ɗorawa, hanci shi toshe ƙam. In mutum ya duƙa sai shi ji kamar an ɗaura mashi dutsen niƙa a fuska. To wanda bai iya duƙawa shi ɗauki takalminshi, shi ne zai wuni duƙe da hauya? Ga shi ranar Talata ce.

Mu koma bisa turmi.

Iya, uwar tashi, ta fito da taɓarya a hannu. "Sauka mani bisa turmi, ɗan nema. Kowa ya san maganin wagga mura. A dafa ganyen sabara da daddoya, mutum shi rufa da zane shi yi sirace safe da marece, shi sha kunun kanwa da citta, shi kwanta. Kwana biyar ta tafi."

"Kwana biyar! Iya, wannan ai maganin tsofaffi ne. Ni da na bi ayarin gishiri na koyo magani wurin bokayen Abzin?"

Amani na zaune gindin zana riƙe da kai. Buzu ne, amma nan anka haife shi, noma yake kamar kowa. Ta cikin rawaninshi ya ce, da murya kamar daga cikin tulu, "Zango ɗaya ka bi ayarin, Na Allah. Raƙumi ya cije ka a kafaɗa ka dawo kana kuka. Kawuna ne ya rako ka."

"Zangon nan guda ai a cikinshi na koya. Wani sai shi shekara."

Magani na farko shaƙe ne. Ya daka citta, masoro, kimba, kanumfari da garin taba, ya samo ƙaramin kara mai rami, ya ce kowa shi jeru. Dauda makaɗi ya fara tsugunnawa. Na Allah ya cusa mashi karan a hanci, ya cika kumatu, ya hura. Idanun Dauda sunka kawo ruwa, sai ya saki wata atishawa da ta sa kajin Iya sunka haura danga. Ya sake. Ya sake. Ta bakwai ce ta kai goshinshi bisa gangarshi, fatar ta ce fat.

"Kun gani?" in ji Na Allah. "Ciwon ne ke fita."

"Gangata ce ta fita, ɗan banza!"

Da layi ya zo kan Amani sai magana ta tsaya. Ka san su, namiji bai sauke amawali shi buɗe baki da hanci gaban dattawa da mata, abin kunya ne babba. Ga Baba Tanko an kawo shi shina kallo bisa buzun zamanshi, ga mata sun cika wurin. Amani ya ce a bari sai an watse. Na Allah ya ce boka na gaske bai buƙatar ganin hanci, shi da lalube yake aiki. Ya zura kara ta ƙarƙashin rawani, bai ko samu hancin ba, ya hura garin nan duka cikin amawali.

Wayyo. Gari ya rasa hanyar fita, Amani ya rasa hanyar sauke rawani. Ya zabura ya yi bayan zana don shi buɗe fuska, ya iske mata uku na sussuka. Ya juya ya yi bakin rijiya, mata. Ya yi bayan masallaci, liman na alwala. Shina gudu shina atishawa, rawanin na kumbura shina sacewa kamar zugazugin maƙera. Sai a turken jakai ya samu sarari. Da ya dawo sai ya zauna shina wasa wuƙarshi bisa dutse shina duban Na Allah.

Hanci kuwa ko ɗaya bai buɗe ba.

Laraba da safe Na Allah ya ce jiya gwaji ne. Ya narka man shanu da tafarnuwa da albasa, ya kwantar da su tara rigingine bisa wani gungumen gawo, kawuna na lilo, ya bi su shina ɗiga masu a hanci da ludayi. Ya ce kar wanda ya motsa sai rana ta take tsaka. Ƙudajen garin kaf sunka samu labari. Bayansu cinnaku sunka biyo gungumen a jere. Wata akuya ta zo ta tsaya kan Dauda tana lasar mashi gemu, shi kuwa an ce kar shi motsa.

Sai ga Furera da ƙwaryar daddawa bisa kai. Ta tsaya ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu boka. Waɗannan gawarwakin ne 'yan gayyata?"

"Ranki shi daɗe, sun warke, hutawa suke."

"To bari mu gani." Ta sauke ƙwarya ta buɗe faifai. Daddawar nan ta kwana uku a rufe, irin wadda in an buɗe a nan karnukan Korgom ke ɗaga kai. Mutane sunka ja da baya suna toshe hanci. Ta bi su tana kara ma kowa a fuska. "Wa ya ji wari?"

Sunka yi ta jan hanci a banza.

"Dauda?"

"Wallahi Furera, ko ƙwaryar ruwa ce kika kara mani, duk ɗaya."

Ta rufe faifanta. "Na Allah, gobe Alhamis. Na ji an ce Zakari har ya kai hauyoyinshi maƙera."

Nan fa hankalinshi ya tashi. Ya yi zagaye uku a tsakar gari, ya tsaya cak, idonshi bisa rumbun Baba Tanko. Rumbun ƙasa ne babba, zaune bisa duwatsu, bakinshi a sama da 'yar hular ciyawa. Da yake tsakar damina ce ba komai ciki sai ƙaiƙayi da kashin ɓera.

Ya ce ya gano inda Iya ta kuskure. Siracenta daidai ne, ƙanƙanta ce ta yi mashi yawa. Tukunya guda, zane guda, mutum guda, dole shi ci kwana biyar. Amma in ka zuba mutum tara wuri guda, ka ninka ganye, ka ninka wuta, ka rufe ruf, ai kwana biyar ɗin nan sai su dunƙule su koma rabin wuni.

Baba Tanko ya ce, "Yaro, rumbun nan ubana ya gina shi. Ƙasa ce ɗanya, ba ta son ruwa."

"Baba, tururi ai ba ruwa ba ne. Ka taɓa ganin an sha tururi?"

Tsoho ya tuna gero na mutuwa a gona, sai ya ce a yi a hankali.

Anka zura tukwane biyu na ruwan sabara da daddoya da tazargade da igiya. Samari sunka tuɓe sai bante, sunka hau tsani ɗaya ɗaya sunka dira ciki, sunka tsugunna gwiwa na gogar gwiwa. Amani ya tuɓe riga amma rawani na nan daram. Kafin shi dira ya ce, "Na Allah, in ka ƙara wani abu bayan ganye, ni da kai ne."

"Haba ɗan'uwa. Ganye zalla."

Ya aro awartaki wurin maƙeri, ya riƙa ɗauko duwatsu jajaye daga wuta shina sakawa cikin tukwane. Ruwa ya ce cuuu, tururi ya turnuƙe. Ya kifa hular rumbu, ya lulluɓe da tabarmi, ya janye tsani wai kar wani rago shi gudu.

Gaskiya da ya tsaya nan da ƙila ya ci nasara, don an fara jin murya daga ciki ana cewa, kai, akwai daɗi fa. Amma Na Allah in abu ya yi daɗi gani yake bai yi ƙarfi ba. Ya dubi taron da ya kewaye rumbu, ya ga ba wanda ke mamaki. Sai ya zagaya madafin Iya ya kwaso barkono busasshe cike da akushi, ya zuba bisa garwashi a kasko, ya mai da tsani ya hau, ya ɗaga hula ya zura kaskon da igiya, ya mai da hula ya sauko.

Iya ta ce, "Me ka kai masu?"

"Sirrin Abzin."

"Sirrin Abzin ke warin barkonona?"

Da farko tari guda anka ji. Sai biyu. Sai rumbu gaba ɗaya ya ɗauki tari kamar an rufe kuraye ciki. Ana dukan bango, ana kiran sunan Allah, ana kiran sunan Na Allah, ana haɗawa da na kakanninshi.

"Buɗe! Buɗe don Allah!"

"Ku daure! Ciwon ne ke gardama!"

"Na Allah, in na fito sai na yi ganga da fatarka!" Wannan Dauda ne.

Baba Tanko ya ɗaga sanda. "Kai, rumbuna ne ke motsi ko idona ne?"

Ba idonshi ba ne. Bangon ya jiƙe ya yi duhu, shina zufa, wata tsaga ta taso daga gindi tana hawa. Na Allah ya ce bari shi leƙa shi ga ko sun nuna. Ya hau tsani, ya ɗaga hula, ya tura fuska. Hayaƙin da ya taru tun ɗazu shina neman ƙofa ya same shi a ido da baki. Ya yi baya, tsani ya bi shi, ya riƙo bakin rumbu, bakin ya biyo hannunshi. A ciki kuma mutum tara sunka haɗa kafaɗa wuri guda.

Rumbu ya buɗe kamar an fasa kabewa.

Sunka gangaro waje cikin laka da ganye da ƙaiƙayi, tsirara sai bante, wani ma banten ya tsaya a ciki. Hayaƙi ya bi taro, liman na tari, mata na tari, jakai na kuka, tsofaffin da sunka shekara ba su gudu ba ranar sun gwada. Baba Tanko na zaune bisa buzunshi, hular rumbu ta faɗo mashi a ka ta rufe shi har wuya.

Cikin wannan hargitsi sai Dauda ya tashi zaune, hanci na zuba kamar an kwance salka, ya ja iska ya ce, "Kai! Wa ya buɗe daddawa a nan?"

Furera ce tsaye can nesa, faifai ma a rufe.

"Ni ma na ji!" "Ni ma!" Wallahi hanci tara sun buɗe fayau.

Na Allah na kwance ƙarƙashin tsani, ya ɗaga hannu guda. "Me na gaya maku?"

Daga cikin hular ciyawa Baba Tanko ya ce, "Rumbuna fa?"

"Baba, surukinka zai gina maka biyu."

Sai dai akwai 'yar matsala. Alhamis da safe kowa ya tashi hanci garau, kai sakayau, amma idanu sun kumbura sun yi suntum. Abin da ya rage masu na gani bai fi tsagar wuri na kuɗi ba. Mutum na ganin ƙafarshi da taki biyu gabanshi, shi ke nan. Na Allah da ya tura fuska ya fi kowa.

Iya ta ce a nemi mai ido shi kai su gonar. Na Allah ya ce shi a ja shi kamar makaho ranar gayyar aurenshi? Gonar da ya sha zagayawa shina leƙen Furera? Ai sauƙi gare ta: ka haye tudu, ka iske babban gawo, ka yi dama. Sunka jeru kowa ya dafa kafaɗar na gabanshi, shi a gaba, Dauda a baya da gangar aro. Sunka haye tudu. Na Allah ya yi karo da wani icce har goshinshi ya yi ƙara, ya shafa ya ce, "Ga gawon." Sunka yi dama.

Kai, ranar an yi noma! Hanci sabo, iska na shiga har ƙeya, ga haushi kowa na saukewa bisa ciyawa. Dauda na kiɗi, ƙasa na tashi. Gindin gero dai suna ganinshi, don haka ko ɗaya ba su sare ba.

Da hantsi ya yi sai ga wata mace ta aje masu ƙwaryar hura. Na Allah ƙafafu kawai ya gani da gefen baƙin zane. Ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya.

"Ranki shi daɗe, da kanki? Kin ga aikin maza?"

Ta yi 'yar dariya ƙasa ƙasa kawai.

"Kunya take ji," in ji shi. Ya ɗaga murya. "Jama'a ku shaida! Wagga gona da nike nomewa, aure nike nema a gidan mai ita, kuma ba ni fasawa ko sama za ta haɗe da ƙasa!"

"Mun shaida," in ji su, baki cike da hura.

Amani ya ce, "Na Allah, hurar nan ba ta yi kama da ta gidan Baba Tanko ba. Tasu da nono, wagga tsamiya ce."

"Sha ka yi shiru, bakinka ne bai warke ba."

La'asar sakaliya sunka kai kunyar ƙarshe. Na Allah ya jefar da hauya ya ce a buga mashi kirari. Sai ya ji hayaniyar mutane na tahowa, rabin gari, har da liman. Lokacin kumburin ya ɗan sace. Ya sa yatsu ya buɗe ido guda da ƙarfi, ya ga Furera tsaye a kan iyaka, ƙwarya bisa kai.

"Sannunku da aiki," in ji ta. "Gona ta yi kyau. Ta wa ce?"

"Wace irin tambaya ce wannan, ranki shi daɗe?"

"Tun hantsi nike zaune gindin gawon Baba da hura har ta yi tsami. Ina jin kiɗinku daga can. Na ce bari dai in ga iyakar abin."

Na Allah ya waiga ya dubi iccen da ya yi karo da shi. Aduwa ce. Can bayan wani tudun ya hango gawo, ƙarƙashinshi gonar Baba Tanko kore shar, ciyawa har tana kaɗawa.

"Yanzu za mu koma can! Maza, ku ɗauki hauya!"

Ba wanda ya motsa. Dauda ya nuna mashi rana da makaɗi, ta riga ta yi ja tana shirin nutsewa.

Furera ta ce, "A gaida Iya. Asabar in kana da sarari ka zo ka ga noma." Ta juya abinta.

Bai gama haɗiye wannan ba sai guɗa ta tashi bayanshi, ayyururui, har kunnenshi ya yi ƙara. Ya juya. Baƙin zanen nan ne, da ƙafafun nan. Mai su kuwa Hindu ce, mai gonar, sa'ar Iya, wadda ta binne maza uku kuma ba ta taɓa faɗuwa a gardama ba, ko da mai gari.

"Malam liman," in ji ta, "mutum tara sun ji abin da ya faɗa da bakinshi. Kun ji ko ba ku ji ba?"

"Mun ji," in ji Amani, ya fi kowa ɗaga murya. "Har da sama da ƙasa."

Na Allah ya ce, "Inna Hindu, ai kuskure ne, ɗiyarki nike... wato..."

"Ba ni da ɗiya. Ba ni da ƙanwa, ba ni da jika. Gidan nan ni kaɗai ce sai akuya, ita kuma tana da ciki." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Shekara shida ba wanda ya kama mani ko kunya guda, yau ga namiji ya kawo mutum tara da ganga. Kuma ka daina ce mani Inna gaban mutane."

Liman ya shafa gemu ya ce shi dai ba a tilasta aure, amma magana gaban shaidu magana ce, sai mai ita shi tashi shi warware da bakinshi, nan, yanzu, kowa na ji.

Samari tara tsaye da hauyoyi, idanu jajur, suna jira su ji ko wunin da sunka yi duƙe na banza ne. Hindu ta matso har inuwarta ta rufe shi, tana murmushi da haƙoranta huɗu.

To kai da kake ta dariya tun ɗazu, da kai ne tsaye a wurin nan da ido guda a buɗe, me za ka ce mata?